Wa zai zama foman idan kwangila ta dawo Sabon Birni da Isa?

Idan kana yawan leƙa TikTok ko Facebook, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da bidiyon wani matashi zaune cikin eskabeta ba, ya ƙwama baƙin gilashi, ya ɗora waƙa, yana juya hannun injin kamar mai dama fura. A ƙasan bidiyon kuwa za ka ga samari na ta tambayar inda ake koyo da kuma nawa ake samu. Sha'awar tana kan hanya, domin tuƙa manyan injinan aikin hanya sana'a ce da ke riƙe mutum har da iyalinsa. Sai dai akwai wani mutum da kyamara ba ta cika haskawa ba. Yana can gefe cikin ƙura, da hular kwano da 'yar riga mai ƙyalli, da littafi a aljihu. Ya ɗaga hannu inji ya tsaya, ya sauke hannu inji ya ci gaba. Shi ne foman, wanda masu tuƙa katafila da gireda da rola da feloda duk suke ƙarƙashinsa. A kan aikinsa nake so mu tattauna yau, musamman da kai ɗan Sabon Birni ko Isa, ko kana gida, ko rashin tsaro ya kore ka zuwa Sakkwato, ko ma ka tsallaka Gidan Rumji a Nijar.

Bari in fara da abin da ba za ka so ji ba. Idan ka ce za ka zauna a gida kana jiran a buɗe babbar kwangila a ƙofarku a ɗauke ka foman, wallahi za ka daɗe kana jira. Ba a tsintar foman a bakin titi ranar da aka sauke injina, da abinsa kamfani yake zuwa. Sannan ga maganar tsaro, wadda ba sai na koya maka ba. Ka san abin da ya faru a Disambar 2021, lokacin da aka ƙone matafiya sama da 20 cikin mota a yankin Sabon Birni. Ka san yadda aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, daga baya aka kashe shi a watan Agustan 2024. Ka san hanyar Marnona zuwa Isa da abin da sunan dajin Gundumi ke sa wa zuciyar direba. Hanyar da sarki bai tsira a kanta ba, ɗan kwangila zai yi dogon tunani kafin ya ɗora eskabetar ɗaruruwan miliyoyin Naira a kan lobed ya bi da ita. Inji ba ya gudu, ba ya ɓuya, ƙararsa kuma tana zuwa nesa.

Amma aikin bai tafi ko'ina ba, taruwa yake yi. Kowace damina da ta wuce ba a gyara hanya ba, kwalbati ɗaya ya ƙara rufta, ruwa ya ƙara cin bakin gada, zaizaya ta ƙara laƙume gefen gari. Ƙasar nan ta gulabe ce. Bunsuru da Gagare da Gulbin Maraɗi duk a wannan yanki suke zuba ruwansu cikin Rima, shi ya sa fadamar take da albarka, shi ya sa kuma hanya ba ta daɗewa idan ba a yi ta da kyau ba. Ka haɗa da garuruwan da aka tashi, da makarantu da asibitocin da suka lalace, da gonakin da suka koma daji. Duk ranar da ƙura ta lafa, ko gwamnatin jiha ce, ko hukumar gyaran hanyoyi ta tarayya FERMA, ko Hukumar Raya Arewa maso Yamma da aka kafa a 2024, da katafila za a fara shiga kafin bulo ɗaya ya hau kan wani. Tambayar ita ce, ranar da injinan suka iso, kai a wane matsayi za su same ka? Mai ɗaga jan tuta da gadin yadi, ko wanda ake miƙa wa makullan injina?

Iyayenmu sun taɓa ganin irin wannan rana. Madatsar ruwan Goronyo, wadda aka kammala a 1984, tulin ƙasa ce da aka jera aka daddanne, tsawonta ya kai kilomita 12.5, tudunta mita 21, tana iya riƙe ruwa kubik mita miliyan 942. Injina ne suka tara wannan ƙasa, tifa bayan tifa, wasu mutane ne kuma suka tsaya a kansu shekara da shekaru. Haka aka yi a Bakalori kafin ita, inda kamfanin Impresit na Italiya ya yi aikin. Kwangila ta ƙare, kamfani ya tattara ya tafi, wanda ya koyi sana'a ya tafi da abinsa a hannu, wanda ya yi lebura kawai ya koma inda ya fito.

Aikin da ake biyan foman a kansa

Mutane da yawa sun ɗauka foman shi ne mai ihu. Akwai ihun, ba a rasa shi, amma ba don shi ake biyansa ba.

Kafin a tada inji ko ɗaya da safe, foman ya riga ya san aikin ranar: daga wane fegi zuwa wane fegi cikin waɗanda safiyo ya kafa, nawa za a yanke, nawa za a cike, daga wane rami za a ɗebo jar ƙasa. Ya tabbatar kowane ofareta ya zagaya injinsa, ya duba baƙin mai da ruwan lagireto, ya buga giris, ya leƙa ko akwai tiyon da ke yoyo, ya duba haƙoran bokiti da sarƙar ƙafa. Kowane inji yana da agogon da ke ƙirga awannin da ya yi aiki, ana kuma yi masa juye da canjin filta ne bisa wannan ƙirga, galibi duk awa 250 ko 500. Idan foman ya yi sake aka wuce lokaci, injin ya buga, aiki ya tsaya har sai an nemo kayan gyara daga Kano ko Legas. A nan ne za ka ji ihun na gaske, daga bakin mai kamfani.

Sai lissafi. Ga misali mai sauƙi, ka gwada shi a kanka. A ce eskabeta tana cika tifa ɗaya cikin minti 5, tifar kuma tana ɗaukar minti 30 ta je ta juye ta dawo. Tifa nawa kake buƙata don kada eskabetar ta zauna? Bakwai. Idan huɗu kawai aka ba ka, cikin kowane minti 35 eskabetar za ta yi aikin minti 20, ta zauna minti 15 tana shan mai a banza. Idan kuma ka tara goma, direbobi ne za su yi layi suna hira. Ramin ƙasa ya ƙara nisa gobe, lissafin ya canza. Babu wanda zai zo ya yi maka shi, a tsaye za ka yi shi cikin rana.

Shan man nan kuwa ba wasa ba ne. Matsakaiciyar eskabeta mai nauyin tan 20 tana shan kamar lita 12 zuwa 20 na dizal a awa, ya danganta da taurin aikin. Ka ɗauki lita 15, ka ninka da awa 8, ka samu lita 120. Tun da litar dizal ta haura Naira 1,000, abin da inji ɗaya ke sha a yini ya wuce mafi ƙarancin albashi na wata guda, wato Naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024. To yanzu ka ƙaddara injina takwas ko goma ne a hannunka. Ka ga dalilin da ya sa dizal ya zama babbar jarrabawa a wurin aiki. Kowa ya san da jarkar da ke fita da daddare, kowa ya san da masu saye a bayan gari. Wasu ofaretoci ma ba sa kiransa sata, sun ba shi wasu sunaye masu daɗin ji. Foman da ya shiga wannan harka ya sayar da bakinsa, domin ba zai sake iya tsawata wa yaron da suka raba kuɗi da shi ba. Kuma zamani ya canza: kamfanoni irin su Caterpillar da Komatsu suna sa wa sababbin injinansu na'urar da ke aika wa ofis inda injin yake, awa nawa ya yi, mai nawa ya sha. Oga yana Abuja yana ganin komai a kwamfuta.

Daga nan sai ingancin aikin kansa, wanda a ganina shi ne ya fi raba foman na gaske da ɗan rakiya. Ba a zuba ƙasa tuli guda a bi ta da rola a ce an yi hanya. Shimfiɗa-shimfiɗa ake yi, kowace kamar santimita 15 zuwa 20, gireda ta baje, tanka ta yayyafa ruwa, rola ta danne, sannan a ɗora ta gaba. Ruwan ma da ƙa'ida. Ya yi kaɗan, ƙasa ba ta kama jikinta. Ya yi yawa, ta zama taɓo tana lotsawa ƙarƙashin rola. Tsofaffin hannu suna dunƙula ƙasar a tafin hannu su gane, amma daga baya 'yan gwaji za su zo su haƙa su auna, idan ba ta kai ba injiniyan da ke sa ido ya ce a kwashe a sake, da kuɗin kamfani. Haka nan doron hanya: dole tsakiya ta ɗan fi gefe tudu don ruwa ya gangara, a kuma buɗe masa magudana. Duk hanyar da ka ga ta farfashe bayan damina biyu, ko dai an ci kuɗin tun daga sama, ko kuma wanda aka tsayar a kan aikin ya kau da kai. Sau da yawa duka biyun ne.

Sai rai. Mai tuƙa feloda ko eskabeta akwai wuraren da ba ya gani sam, musamman bayansa da ɓangaren da hannun injin ya tare. Ka kuma san yaranmu na ƙauye, da sun ji ƙarar katafila sai gari ya fashe, kowa yana son ya matso. Foman ne zai sa mai ba da hannu, ya ja iyaka, ya kori yara ko da iyayensu za su ji haushi. Shi zai hana lebura shiga rami mai zurfi da ba a tokare bangonsa ba, domin kubik mita ɗaya na ƙasa ya wuce tan ɗaya nauyi, kuma ƙasa mai yashi irin tamu ba ta yin sallama kafin ta rufta. Shi zai ɗaga kai ya ga wayar wuta kafin tifa ta ɗaga bodinta. Idan aka yi asarar rai, shi za a fara kira, kafin injiniya, kafin mai kamfani.

Da yamma kuma ya zauna ya rubuta: inji kaza ya yi awa kaza, ya sha lita kaza, tifa kaza aka juye, wane bai zo ba, wane ya yi obataim. A nan ne ofaretoci da yawa masu hannu kamar zinariya suke tsayawa cak. Mutum ya shekara 20 a kan gireda, yana iya daidaita hanya da ido, amma ba ya iya cike takarda ko karanta zanen aiki, sai a kawo yaron da bai kai shi sanin inji ba a ɗora masa. Kai da ka yi sakandare, kana rubutu a waya tun safe har dare, wannan giɓin naka ne idan ka yarda ka sha ƙura tukuna.

Inda injina ke aiki yanzu

Tunda gida bai buɗe ba, sai a bi aikin inda yake, kuma bai yi nisa yadda kake zato ba. A watan Oktoban 2024 aka ƙaddamar da babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry, mai tsawon kilomita 1,068, wadda ta faro daga Illela. Kamfanin Hitech ne ke aikin, kashi na farko a jihar Sakkwato kilomita 120 ne, da kankare ake yin ta maimakon kwalta. Wannan kaɗai darasi ne, domin injin shimfiɗa kankare da tsarin aikinsa daban suke da na kwalta, wanda ya koye su yanzu yana cikin 'yan farko. Ta gabas kuma ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, wanda kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ke yi tun bayan aza harsashinsa a 2021, ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Aikin layin dogo kafin a kai ga shimfiɗa ƙarfe, yankan ƙasa ne da ciko da kwalbatoci da gadoji, wato dai aikin manyan injina. Akwai kuma aikin tagwaita hanyar Sakkwato zuwa Gusau har Funtuwa da Zariya.

Waɗannan duk kwangila ce, tana da ranar ƙarewa. Wanda ya fi zama dindindin shi ne irin aikin masana'antar siminti ta BUA a Kalambaina, kusa da Sakkwato, inda aka buɗe sabon layi mai tan miliyan 3 a shekara a farkon 2022. Siminti daga dutse yake fitowa, dutsen kuma sai an fasa, an loda, an kwaso, rani da damina. Ga kuma ƙananan ayyuka da ba a cika yi musu bidiyo ba: hanyoyin karkara ƙarƙashin shirin RAAMP na Bankin Duniya, wanda Sakkwato ke ciki, da ayyukan tare zaizaya da gyaran ƙasa na ACReSAL da ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja, da masu ba da hayar injina a Sakkwato da Gusau da Kano. Kada ka raina ƙaramin ɗan kwangila mai gireda ɗaya da rola ɗaya. A wurinsa kake taɓa komai, a babban kamfani kuwa kana iya shekara uku a kan abu ɗaya.

Wani abin lura ga Bagobiri. Wurin aikin hanya Najeriya ce ƙarama: Bayarabe makanike, Inyamuri mai kayan gyara, Tibi, Nufawa, ga ogogi 'yan Chana ko Labanan ko Indiya. Kai kuwa ka zo da jarin da ba ka saya ba, domin Gobirawa da Yarabawa abokan wasa ne tun kaka da kakanni. Tsohon ofareta Bayarabe da ya ga zanen Gobir a fuskarka, ko ya ji daga ina ka fito, zai fara da tsokana, da tsokanar nan ake shiga har a kai ga ya bar maka sitiyari lokacin hutun cin abinci. Amma ka koyi burokan da Turancin aiki. Foman da ba ya iya magana da kowa a tawagarsa, rabin foman ne.

Tsani biyu ne

Na farko shi ne na ƙasa. Ka shiga a yaron inji, kana buga giris, kana wanke filta, kana ba da hannu, kana kwana a yadi. Idan ubangidanka ya ga hankalinka ya fara ba ka inji a fili, daga nan ka zama ofareta, ka ƙware a ɗaya, ka taɓa biyu ko uku, a fara bar maka yara idan foman ya fita, wata rana a ce kai ne. Shekaru yake ci, duk wanda ya ce maka wata shida ne yana son kuɗinka ne. Na biyu shi ne na makaranta: difloma a fannin injiniyan gine-gine ko na injina, a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi da ke Sakkwato, ko ta tarayya da ke Ƙauran Namoda, ko ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, sannan ka nemi horon aiki a kamfanin hanya maimakon ka kai takarda sakatariyar ƙaramar hukuma a sa maka hannu kana gida. Mai tsanin farko ya san inji, takarda ke ba shi wuya. Mai na biyu ya san takarda, amma ofaretoci suna gane wanda bai taɓa hawa inji ba tun daga yadda yake tsayuwa, za su kuma gwada shi. Wanda kamfanoni ke riƙewa da hannu biyu shi ne wanda ya haɗa, ko ta ina ya faro.

Takardun da ke taimako ba su da yawa. Akwai jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, mai mataki na 3 da na 2 da na 1. Akwai lasisin tuƙi, wanda a tsarin Najeriya rukunin H ne na injinan haƙa da ture ƙasa. Hukumar ITF, wadda aka kafa tun 1971, tana shirya horon sana'o'i, hukumar COREN kuma ba injiniyoyi kaɗai take yi wa rajista ba, har da masu difloma da ƙwararrun masu aikin hannu. Ka ƙara da ɗan kwas na kiyaye haɗari a wurin aiki, domin manyan kamfanoni da duk aikin da kuɗin Bankin Duniya ke ciki suna tambayarsa.

Ke ma 'yar'uwa, kada ki ce ba da ke ake ba. Ofishin kiyaye haɗari, ɗakin gwajin ƙasa, aikin safiyo, rajistar awanni da mai, duk ƙofofi ne, akwai kuma matan da ke tuƙa injinan kansu a ƙasar nan.

Zama ɗan gida: riba da tarko

A ce ranar ta zo, an kawo aiki Isa ko Sabon Birni, kai kuma ka dawo da shekaru shida ko bakwai na sana'a. Kana da abin da foman ɗin da aka kawo daga nesa ba shi da shi. Ka san inda jar ƙasa mai kyau take. Ka san fadamar da ke haɗiye mota a watan Agusta ko da samanta ya bushe. Ka san inda ruwa ke bi idan gulbi ya kawo, abin da zanen da aka yi a ofis cikin rani ba lallai ya nuna ba. Ka san yadda ake shiga wurin hakimi da dagaci, ka san gonar da ake rigimar gado a kanta, ka san tsohuwar maƙabartar da ba ta da alama. Katafila ta ture kabari ɗaya, aiki na iya tsayawa wata guda. Kamfani mai hankali yana biyan kuɗi don irin wannan sani.

Tarkon kuma yana nan a wuri ɗaya. Na farko 'yan'uwa: kawu zai aiko ɗansa, ɗan majalisa zai aiko takarda, abokin makaranta zai ce ai kai ne foman. Leburanci da gadi ana iya rabawa, ya ma kamata 'yan gari su amfana. Amma duk wanda ka ɗora a kan inji don kunya, ranar da ya taka ɗan mutane kai za a tuhuma.

Na biyu ya fi haɗari. A yankin da 'yan bindiga ke ɗora wa garuruwa haraji, akwai ɗan kwangilar da zai so ya sayi zaman lafiya, wanda zai fara kallo kuwa shi ne ɗan gida mai jin yaren wurin. Za a ce maka ai magana kawai za ka kai, ko saƙo kawai za ka miƙa. Kada ka karɓa, ko nawa aka ƙara maka. Wanda ya zama ɗan aike tsakanin kamfani da daji, jami'an tsaro za su ɗauke shi infoma, 'yan sa-kai za su ɗauke shi infoma, mutanen dajin kuma sun san gidansu da sunan mahaifinsa. Kamfani zai gama ya tafi, kai da danginka kuna nan. Maganar tsaro ta shugabannin kamfani ce da hukuma. Naka shi ne ka san lokacin fita da na tashi, kada a kwana da injina a warwatse, kowa ya san inda zai nufa idan an ji harbi, kuma ranar da ka ga alamar da ba ka yarda da ita ba ka iya cewa yau ba a fita, ko oga zai yi fushi. Foman da ba ya iya faɗin haka bai kamata a ba shi rayukan mutane ba.

Ta wannan fuska nake kallon aikin ma'adinai. Za ka ji ana neman masu eskabeta a wuraren haƙar zinariya a Zamfara da Neja, kuɗin kuma ya fi na aikin hanya. Ka tambayi wa ke da wurin, wace takarda yake da ita, wa ke gadinsa. Ka tuna gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ka tuna gwamnatin tarayya ta taɓa dakatar da haƙar ma'adinai a jihar a 2019 saboda tsaro. Ramin da babu doka a kansa, idan ya rufta da kai babu wanda zai biya diyya.

Kuɗin, da masu cin kuɗin

Samun foman ya fi na ofareta, amma ya danganta da inda kake. A manyan kamfanoni akwai albashi a rubuce, da obataim, da alawus na zaman daji, da ƙungiyar ma'aikatan gine-gine da ke zama da masu kamfanoni a kan albashi, dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 kuma ta tanadi haƙƙin wanda ya ji rauni a bakin aiki. A wurin ƙaramin ɗan kwangila kuwa yarjejeniyar baki ce, idan gwamnati ta riƙe masa kuɗi kai ma ya riƙe naka. Aikin ƙasa yana ja baya da damina, wasu kamfanoni suna sallamar ma'aikata har sai ruwa ya ɗauke. Shi ya sa za ka ga tsofaffin hannu ba sa sakin gona, ko su sayi dabbobi da kuɗin rani. Kwangilar gwamnati kuma tana da nata yanayi: tana yin zafi idan zaɓe ya matso, ta yi sanyi bayan an rantsar.

Sai ka kula da wayarka. Duk sanarwar da ka gani a WhatsApp da tambarin babban kamfani, an ce ana ɗaukar ofaretoci da fomanoni, a tura kuɗin fom ko na gwajin lafiya zuwa asusun wani mutum, damfara ce. Haka masu alƙawarin kai ka Saudiyya ko Dubai aikin kiren idan ka biya rabi. Haka masu sayar da satifiket na kwana uku ba tare da ka taɓa inji ba. A wannan sana'a jarrabawar ɗaukar aiki a fili ake yin ta: ga inji, ga tulin ƙasa, hau mu gani. Minti goma sun isa a gane ka.

Wayar dai tana da amfaninta. Maimakon bidiyon gilashi da waƙa, ka riƙa ɗaukar aikin da ka yi, kafin da bayan, da kwanan wata da sunan wurin, idan kamfani ya yarda a ɗauka. A wurin da tsaro ke da rauni kuwa kada ka ɗora komai a intanet sai kun bar wajen. Ka buɗe littafi tun ranar farko, ka rubuta kowane inji da ka hau, ƙirarsa, awa nawa, ƙarƙashin wa. Duk inda ka bari ka nemi takardar shaida da lambar wayar foman ɗinka, domin a wannan harka da waya ake ɗaukar mutum: wani ya kira wani ya ce ina neman yaro mai hankali. Lokacin neman kuwa shi ne ƙarshen damina, daga Oktoba zuwa Nuwamba, sa'ad da ƙasa ta fara bushewa kamfanoni suka fara fito da injina daga yadi. Ka je ƙofar yadin da kanka da sassafe, da takalmi mai rufi, ka nemi ganin foman.